Gobarar Fasasshiyar Ganga

Masu ƙaga labari na ƙasar Turai suna da wata al'ada wadda duk wanda ya karanta littattafansu biyu ko uku zai lura da ita. In za su tura mutum yawon duniya cikin labari, kafin su sa shi cikin jirgi sai sun bi da shi ta wani gida na bakin ruwa, inda ma'aikatan jirgi su ke sauka su ci abinci, su sha giya, su ɓad da kuɗin da suka yi wata da watanni suna tarawa bisa teku. A nan a ke ɗaukar ma'aikata, a nan a ke jin labarin jirgin da ya nutse da wanda ya komo da riba, ɓarawo kuma yana lungu yana auna aljihun kowa da ido. Wanda ya san zango da gidan fatoma zai gane rabin aikin irin wannan gida. Bambancin shi ne fatoma yakan tsaya wa baƙonsa a ciniki, ya ajiye masa dukiya, sunansa ya ɓaci in baƙon ya yi hasara a hannunsa. Mai gidan giya na cikin waɗannan labaru kuwa ba wanda ya ɗora masa wannan nauyi.

Labaran Larabawa ba su bi wannan hanya ba. Sindbad na cikin Dare Dubu da Ɗaya daga Basra ya kan shiga jirgi, amma labarin tafiye-tafiyensa bakwai a gidansa na Bagadaza ya ba da shi, yana zaune cikin daula, ga akusa gaban baƙi, ga wani ɗan dako takwaransa yana saurare ana sallamarsa da zinariya kowace rana. Komi tsananin abin da ya ke faɗi, mai sauraro ya san ya tsira, tun da ga shi nan zaune. Gidan bakin ruwa kuwa kafin tafiya a ke shigarsa, sa'ad da ba a san mai dawowa ba, kuma baƙo bai tantance aboki da maƙiyi ba tukuna.

Akwai littattafai biyu na Ingilishi da suka yi fice wajen siffanta irin wannan gida, tsakaninsu shekara 100 daidai. Na farko shi ne Treasure Island, watau Tsibirin Dukiya, na Robert Louis Stevenson, wanda ya fito cikin 1883. Na biyu The Colour of Magic, watau Launin Sihiri, na Terry Pratchett, cikin 1983. Kan na biyun wannan sharhi ya fi tsayawa, amma ba a ganin abin da Pratchett ya yi sosai sai an fara duban abin da ya tarar.

An haifi Stevenson a Edinbara ta ƙasar Sikotlan cikin 1850, ya mutu a tsibirin Samowa cikin 1894. Ubansa da kakansa magina hasumiyar fitila ne, irin wadda a ke kafawa bisa duwatsun teku don ta nuna wa jirage hanya da dare, saboda haka da maganar ruwa ya tashi. Labarinsa na wani yaro ne, Jim, ɗan mai masauki. Wani tsohon ɗan jirgi mashayi ya sauka gidansu, yana ba yaron ɗan kuɗi kowane wata don ya sa masa ido ko zai ga wani ma'aikacin jirgi mai ƙafa ɗaya. Yaron ya yi ta mafarkin wannan mai ƙafa ɗaya har ya zame masa dodo. Ran nan wani mai suna Baƙin Kare, wanda ba shi da yatsu biyu, ya zo suka yi faɗa da tsohon. Ba a daɗe ba tsohon ya mutu, aka sami taswirar wani tsibiri cikin akwatinsa, inda 'yan fashin teku suka binne dukiya. Wani attajiri mai sakin baki ya tafi Biristol ya sayi jirgi don a je a haƙo ta. Biristol gari ne na gaske a Ingila, ɗaya daga cikin tashoshin da jiragen cinikin bayi su ke tashi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a shekarun 1700, zamanin da aka ɗora labarin a kansa ke nan. A can attajirin ya gamu da wani mai gidan giya, Dogo Jon Silba, wanda ya nemi a ɗauke shi kuku, ya kuma taimaka wajen zaɓen ma'aikata.

A babi na 8 aka aiki Jim da takarda gidan Silba, mai suna Madubin Hange. Mai karatu yana sa ran ganin ƙazamin rami, sai ya ga gida fes. An sabunta fentin allon ƙofa, ga jajayen labule a tagogi, an barbaɗa rairayi mai tsabta a daɓe, ƙofa biyu a buɗe kowace tana duban titi, har a ke hangen ciki duk da hayaƙin taba. Sai ga mai gida ya fito, dogo, ƙaƙƙarfa, ƙafarsa ta hagu a yanke tun daga cinya, yana dogara sanda yana tsalle tsakanin tebura kamar tsuntsu, yana fito, yana ba'a da baƙinsa. Jim ya dube shi sau ɗaya tsoronsa ya gushe, ya ce a ransa wannan ba zai zama mutumin da aka gargaɗe shi a kansa ba. Ana cikin haka ya hangi Baƙin Kare yana sulalewa ta ƙofa, ya yi kururuwa. Nan fa Silba ya nuna gwanintarsa. Ya tura mutum biyu su bi shi, ya kira wanda ya ke zaune tare da shi ya tsare shi da tambaya gaban yaron, ya yi ta jimamin mutuncin gidansa, daga ƙarshe ya tuna mutumin ya gudu bai biya kuɗin abin da ya sha ba, ya ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. Yaron ma ya kama dariya, shi ke nan an gama da shi.

Abin yabo a nan shi ne Stevenson bai ɓoye wa mai karatu komi ba. Ya gaya masa ya ji tsoron mai ƙafa ɗaya, ya nuna masa mai ƙafa ɗaya, ya nuna masa ɗan fashi zaune cikin gidansa, duk da haka da labule da fara'a ya raba shi da tsoron. Sai a babi na 11, jirgi ya yi nisa, Jim ya shiga cikin gangar tuffa neman abin taɓawa, ya ji Silba yana janye wani saurayi zuwa tawaye da kalmomin yabo iri ɗaya da waɗanda ya yi masa. Ya ji kuma tun kafin a tashi an shirya sayad da Madubin Hange, matar Silba ta kwashe kuɗinsu daga banki. Cikin mutum 26 da ke jirgin, 7 kaɗai aka tabbata da amanarsu a ran nan. Wanda ya ƙyamaci littafin domin giya ta yi yawa cikinsa, ya kamata ya lura da inda marubucin ya ajiye ta. Ita ta kashe tsohon nan bayan likita ya gargaɗe shi, ita ta karya 'yan fashin a tsibiri, Silba kuwa da ya ke sayad da ita bai taɓa bari ta ɗauke masa hankali ba.

Bayan Stevenson wannan gida ya yi 'ya'ya da jikoki. Marubuta suka bar garuruwan gaske suka shiga ƙaga nasu, da masu sihiri da jarumawa masu takubba. Wani Ba'amurke, Fritz Leiber, tun 1939 ya fara labaran wasu abokai biyu, ƙato da ɗan ƙarami, waɗanda matattararsu wani gidan giya ne a ƙagaggen birnin Lankmar. Masu kwaikwayo suka bi, har ya zama ba a buɗe littafi irin wannan sai a tarad da gidan nan, da faɗan nan da a ke jifa da kujeru, da baƙon nan mai lulluɓi a lungu. Abu in ya kai nan ya zama ganye mai tsami, sai a sami mai yi masa dariya.

Pratchett ne ya yi dariyar. An haife shi a Ingila cikin 1948, ya yi aikin jarida, ya mutu cikin 2015 bayan ya rubuta littattafai 41 kan duniya guda da ya ƙaga. Duniyar nan shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, giwaye huɗu suna ɗauke da ita, su kuma suna tsaye bisa bayan wani ƙaton kunkuru da ke iyo cikin sararin sama. Wanda ya taɓa jin tsofaffi suna cewa duniya bisa ƙahon sa ta ke ba zai ga baƙon abu a nan ba. Babban birninta shi ne Ank-Morfok, birni biyu ne da kogi ya raba, kusa da inda kogin ya faɗa teku. Kowace sana'a da shugabanta, kamar yadda a ke da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera, har masu kisa don lada suna da ƙungiya da shugaba, kowa ya san su.

Littafin da gobara ya buɗe. Birni yana ci da wuta, wasu 'yan takobi biyu, ƙato da ɗan ƙarami, suna bisa tudu suna kallo, kuma duk wanda ya san abokan nan na Leiber ya san da wa a ke tsokana. Sai ga mutum biyu sun fito daga birnin bisa dawaki, ɗayansu ya zauna ya ba da labarin yadda aka yi. Wannan tsari yana da amfani, domin tun shafin farko mai karatu ya san ƙarshen abin wuta ne, abin da ya rage masa shi ne ya gano hannun da ya kunna ta. Zai yi ta zargin masu wuƙa.

Kwanaki kaɗan kafin gobarar wani jirgi ya tsaya tashar birnin, wani ɗan gajeren baƙo ya sauko. Sunansa a fassara Fure-biyu. Akawu ne a wani kamfani can wata ƙasa mai nisa a ɗaya gefen faifan, ya yi shekaru yana jin labarin Ank-Morfok bakin ma'aikatan jirgi, ya tara 'yan kuɗinsa ya zo ya gani da idonsa. Shi ne ɗan yawon buɗe ido na farko a duniyar, ba kuma wanda ya san ma'anar abin, don ba su taɓa ganin wanda ya bar gida ba fatauci, ba yaƙi, ba gudun bashi ba. Yana sanye da tabarau, mutanen gari suka ce ido huɗu gare shi. Wanda ya fara tarbarsa wani almajiri ne da a ke kira Makaho, alhali kuwa yana gani sarai, balle in zinariya ce. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa. Ga mai ido huɗu, makaho yana yi masa jagora. Bayansu kuma akwatin baƙon yana biye, don akwati ne na sihiri mai ɗaruruwan 'yan ƙafafu, cike da tsabar zinariya, mai haɗiye duk wanda ya sa hannu.

Almajirin ya kai shi gidan giya mai suna Fasasshiyar Ganga. In Madubin Hange ƙofofinsa a buɗe su ke ga haske, nan sai an gangara matakala daga titi a ke shiga, cikin duhu da wari, ɓarayi da masu kisa da jarumawan haya suna zaune kowa da makaminsa. Mai gidan, Burodman, bai san fara'a ba sai ta kuɗi. Ba abin da aka lulluɓe. Amma baƙon da ya duba sai murna ta kama shi, don daidai ya ke da abin da aka ba shi labari. Wannan ita ce juyawa ta farko da Pratchett ya yi wa Stevenson. Jim ya ga tsabta ya sake jiki. Fure-biyu ƙazanta da haɗari ya biya kuɗin jirgi ya zo kallo, ya tabbata kuma ba abin da zai same shi, tun da shi ɗan kallo ne, ba ruwansa da rigimar kowa. Har da aka yi faɗa a gidan yana barci a bene, da ya farka ya ji, sai ya yi baƙin cikin ba a tashe shi ba.

Baƙon ba ya jin harshen gari. Wani ɗan littafi ya ke buɗewa, in yana son abu guda sai ya karanto duk kalmomin da aka jera a layin. Wanda ya cece shi wani korarren ɗalibin makarantar sihiri ne, Rinsiwind, matsoraci na ƙin ƙarawa, wanda bai iya sihirin kirki ba amma Allah ya hore masa harsuna. Suka sami wani harshe na uku da su duka su ke ji, ya zama tafinta. A nan ne ya gane abin da baƙon bai gane ba. A ƙasar Fure-biyu zinariya ba ta da wuya, tsabar da ya ke ɗauka canjin aljihu ce, a Ank-Morfok ɗaya tak ta isa a yanka mutum. Yana ba da ita tukwici kamar goro. Rinsiwind ya karɓi kafin alƙalami, ya sayi doki, ya nufi ƙofar gari. Aka kama shi aka kai gaban mai mulkin birnin, wanda ya nuna masa cewa ƙasar baƙon tana da ƙarfin da za ta shafe su, saboda haka in wani abu ya sami baƙo, shi ma ya shirya. Cikin laifuffukan da aka lissafa masa har da kashe jabun kuɗi, hujja kuwa ita ce zinariyar tsantsa ce, kuɗin gari kuma kowa ya san kusan ba zinariya cikinsu. Irin wannan ba'a, wadda ke kama da wauta amma in an tsaya a kanta sai a ga gaskiyar yadda hukuma ta ke, ita ce Pratchett ya fi kowa iyawa.

Zuciyar labarin tana wata 'yar hira da za a iya wucewa ba a lura ba. Rinsiwind ya tambayi baƙon sana'arsa. Ya ce shi aikinsa lissafin haɗari. Ya rasa kalmar da zai fassara abin da ita, sai ya faɗe ta da harshensu, watau inshora. Ya yi bayani: attajiri yana da jirgi cike da kaya, yana tsoron hadari ko 'yan fashi, sai ya biya kamfani kuɗi kaɗan. Akawu ya duba labarin iska da na fashi na shekaru masu yawa, ya ƙididdige yawan jiragen da su kan salwanta, ya yanka abin da za a biya. In jirgi ya dawo lafiya kamfani ya ci kuɗin, in ya nutse kamfani ya biya hasara. Rinsiwind ya saurara, ya ce ashe caca ce. Baƙon bai iya musawa sosai ba. Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, malaman Musulunci ma sun daɗe suna muhawara a kanta, har aka kafa kamfanin inshora na farko bisa tsarin Musulunci a Sudan cikin 1979, inda masu zuba kuɗi su ke taimakon juna maimakon wani ya ci wani.

Mai karatu zai iya zaton marubucin ya jawo inshora ne daga nesa ya cusa ta inda ba ta dace ba. Tarihi ya nuna a irin wannan gida ta girma. Wajen 1688 wani Edward Lloyd yana da gidan shan gahawa a Landan kusa da kogi, inda masu jirage da attajirai su ke taruwa jin labarin teku. A teburansa masu kuɗi suka riƙa sa hannu suna ɗaukar nauyin jiragen wasu, daga nan kasuwar inshorar nan mai suna Lloyd's ta samo asali. Inshorar gobara kuwa bayan babbar gobarar Landan ta 1666 ta kafu, wadda ta tashi daga gidan wani mai gashin burodi ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000. A tarihi gobara ce ta haifi inshora. Pratchett ya kifa abin, ya sa inshora ta haifi gobara.

Ga yadda aka yi. Ɓarayi suka sace Fure-biyu suka tsare shi a Fasasshiyar Ganga, shi kuwa yana ganin baƙunci a ke yi masa. Don ya kyauta wa mai masaukinsa sai ya rubuta masa takardar inshora, ya yi wa gidan kima tsaba 200 na kuɗin ƙasarsu, abin da a can ba wani abu ba ne, a nan kuwa ya ninka darajar gidan ba iyaka. Burodman ya biya kuɗin farko, ya juya maganar a ransa, ya fahimce ta yadda mutumin Ank-Morfok zai fahimta: an yi fare da shi cewa gidansa ba zai ƙone ba, ashana kuwa tana hannunsa. A sama ana ta rigima. Babban ɓarawon gari yana son zinariya, shugaban masu kisa ya zo da kwangilar kashe baƙon, don wazirin ƙasarsu ya aiko a kawad da shi, 'yan kasuwa kuma sun kafa ƙungiya a ranar don su tsare shi, sun hango riba in irinsa suka yawaita. Rinsiwind ya watso zinariya ta taga, aka kaure, akwati ya kutso yana cizo. Duk wannan hayaniya ce. Mai gida yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana jera kyandir da itace, yana fasa gangunan mai. Ƙyastunsa ya jiƙe ya ƙi kamawa, sai wani ya miƙo masa wuta daga cikin duhu, ya karɓa ya yi godiya. Mai miƙowar Mutuwa ce, wadda a littafin aka siffanta yadda Turawa su ke zana ta, ƙwarangwal cikin baƙar riga da lauje a hannu. Burodman bai fito ba. Iska ta kwashi wutar ta bi gari, ba a shawo kanta ba sai da aka rufe ƙofofin kogi ruwa ya yi ambaliya cikin unguwanni.

Idan aka gwada wannan da Madubin Hange sai a ga nisan da aka yi. Silba ya san komi, ya ɓoye, laifi yana da mai shi, mai karatu ya san wanda zai tsana ko da ya ke tsanar ba ta zo masa da sauƙi. A Fasasshiyar Ganga ba wanda ya yi wa wani ƙarya game da takardar. Wanda ya rubuta ta gwani ne a aikinsa, da kyakkyawar niyya kuma ya rubuta. Ya iya lissafin sau nawa wuta ta kan tashi da kanta, bai sa cikin lissafinsa abin da takardar za ta mai da mutumin da ya riƙe ta ba. Kamfanoni na gaske sun san wannan rami, shi ya sa ba su yarda su yi wa abu kima fiye da darajarsa, kuma ba su biyan wanda ya sa wa kayansa wuta. A ƙasar Fure-biyu wannan sananne ne har ba a faɗi. Wanda ya karɓa kuwa ya ji kalmomin daidai, ya ɗora su bisa al'adar garinsu, bai ma tsaya tunanin inda zai je karɓar kuɗin ba, kamfani yana can bayan teku. Tafinta yana iya juya kalma, amma abin da kowane ɓangare ya ɗauka ba sai an faɗa ba, wannan ba ya cikin abin da a ke ba shi ya fassara. Shekara da shekaru masu takubba suna faɗa a gidan nan, kujeru kawai su ke karyawa.

Littafin yana da aibu, ba kuwa ƙanana ba. Na farko, gidan yana birnin tasha amma ba ƙanshin teku cikinsa. Ma'aikatan jirgi su ne suka kai labarinsa har ƙasar baƙon, amma in an shiga ba a jin muryarsu, ɓarayi da jarumawa sun cika wurin. A gidan Silba kuwa kowace magana ta jirgi ce, har zagi da rantsuwa, yana tafe da Jim bakin tasha yana nuna masa jirage, wannan na wace ƙasa ne, wancan me ya ɗauko. Stevenson ruwa ya sani, Pratchett a wannan lokaci littattafai ya sani. Na biyu, rabin dariyar ba ta isa ga wanda bai karanta abin da a ke yi wa ba'a ba, wani kashi kuma wasa ne da sautin kalmomin Ingilishi, kamar yadda Rinsiwind ya ke kakkarya kalmar inshora ta koma wasu kalmomi na banza. In aka juya wannan zuwa wani harshe sai ya mutu a hanya. Burodman ma ba mutum ba ne cikakke kamar Silba, haɗama ce aka sa wa suna, ba wanda zai tuna fuskarsa.

Aibin da ya fi nauyi shi ne arahar rai. Birni ya ƙone, ba a tsaya kan ko mutum ɗaya da ya rasa ɗaki ko ɗa ba, Fure-biyu ya hau doki ya wuce ba wanda ya tuhume shi, shi ma abin bai hana shi barci ba. Ana iya cewa da gangan ne, don a nuna ɗan kallo yadda ya ke, mai ɗaukar hoton abin da ya ɓata. Yana da akwatin hoto kuwa, da wani ɗan aljani a ciki mai zana abin da aka nuna masa. Amma marubucin kansa ya yi dariya tare da shi fiye da yadda ya kamata. Sai a littattafansa na baya, musamman waɗanda ya rubuta kan 'yan gadin birnin tun daga 1989, ya koma ya dubi talakawan unguwannin nan da idon tausayi. Sauran kashi uku na Launin Sihiri, inda abokan biyu suka bar birni suka shiga daji da duwatsu har bakin faifan duniya, ba su kai na farkon ɗauri ba. Labaru ne aka jera kamar tsakiya a zare, ana iya cire ɗaya ba a ji ba. A kashin farko kuwa ba abin da aka ajiye a banza, zinariya da akwati da takarda kowanne ya dawo ya yi aikinsa a daren gobara.

An sāke gina gidan, sabon mai shi ya raɗa masa suna Gyararriyar Ganga, ya kuma yi ta fitowa cikin littattafan da suka biyo. A wani da ya fito cikin 2004, mai suna Going Postal, an shiga gidan aka tarar da masu faɗa sun taru kafin lokaci suna tsara yadda za a yi, wa zai jefa kujera, wa zai faɗo kan tebur, da makin da kowane bugu zai ci, ga kuma mai ɗinki an tanada a gefe, an gargaɗi kowa ya rubuta sunansa a hannu da ƙafa don kada a ɗinka masa na wani.